Likita Andrew Stirrett, Bature Mai Magani

Duk wanda ya tashi a gidan masu bi a Kwoi, ko Kagoro, ko Kafanchan, ya ci moriyar aikin wannan bawan Allah, ko da bai taɓa jin sunansa ba. An haifi Andrew Park Stirrett a shekara ta 1865 a lardin Ontario na ƙasar Kanada. Ya koyi harhaɗa magunguna, ya buɗe kantunansa a birnin Toronto, kasuwa kuwa ta karɓe shi.

A lokacin nan labarin ƙasarmu ba mai daɗin ji ba ne. Cikin samari uku da suka sauka Legas a 1893 da niyyar kawo bishara, biyu ba su koma gida ba. A 1894 Walter Gowans ya rasu a Girku, cikin Jihar Kaduna ta yau, Thomas Kent kuma a Bida. Rowland Bingham kaɗai ya tsira, shi ma da ƙyar. Rubutun Bingham ne ya kama zuciyar Stirrett. Sai ya sayar da kantunansa, ya miƙa dukiyarsa ga mishan ɗin da muka sani da sunan SIM, ya bi ta Liverpool domin ƙaro ilimin cututtukan ƙasashe masu zafi. Ya iso Patigi a 1902, yana da shekara 37, shekarun da waɗansu suke gani sun yi yawa ga mai fara irin wannan aiki. Ba a jima ba ciwo da mutuwa suka watsa abokan aikinsa, har ya zauna shi kaɗai na wani lokaci. A 1904 ya buɗe tashar Wushishi.

Abin da ya fi dagewa a kai ƙaramin abu ne a ido: kowane ma'aikaci ya sha kwinin kowace rana, lafiya ko ba lafiya, domin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Ba ya sassauci a kan wannan. Lalle akwai waɗanda suka ga tsananin ya yi yawa, amma mace-mace suka ragu, masu bishara suka daɗe har suka iya harsunan mutane. Da haka aka sami ƙafar buɗe tashar Kwoi a 1910, daga baya ta Kagoro, da makarantu da ɗakunan shan magani da suka biyo baya. Mai aikin da zazzaɓi ya kwantar ba ya iya wanke gyambon kowa.

A zamaninmu masu koyar da noman da ba ya gajiyar da ƙasa, irin wanda Bill Mollison da David Holmgren suka tsara a Ostareliya a shekarun 1970, suna kafa koyarwarsu kan abu uku: kula da ƙasa, kula da mutane, da raba abin da ya ragu. Stirrett ba manomi ba ne, ba za mu kuwa ɗora masa abin da bai yi ba. Amma a batun kula da mutane ya riga su nesa, kuma abin da ya raba ba ragowa ba ne, uwar kuɗin ce. Bai yi aure ba, zamansa na talaka ne har tsufansa.

Hausawa ne muradin zuciyarsa. Yana cikin waɗanda suka yi aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa tare da Likita Walter Miller na Zariya, aka buga shi cikakke a 1932. Da wannan juyi kakanninmu Bajju, da Atyap, da Ham, da Agworok, masu harsuna dabam dabam, suka iya zama a benci ɗaya suna sujada. A shekarunsa na ƙarshe a Jos, tsoho tukuf, bai fasa zuwa kasuwa yin wa'azi da Hausa ba.

Ya huta da wahalar duniya a Jos cikin watan Yuli na 1948, yana da shekara 82. Bayan shekara shida aka kafa ekklesiyar ECWA.