Adolph Rupp

Adolph Frederick Rupp (an haife shi ranar 2 ga watan Satumba, 1901, ya mutu ranar 10 ga watan Disamba, 1977) kocin ƙwallon kwando ne ɗan ƙasar Amurka, wanda ya horas da ƙungiyar Jami'ar Kentucky daga shekarar 1930 zuwa 1972. A tsawon wannan lokaci ƙungiyarsa ta ci wasa 876, aka cinye ta a wasa 190, ta kuma ɗauki kofin hukumar wasannin jami'o'in Amurka, wato NCAA, har sau huɗu: a 1948, 1949, 1951 da 1958. Shi ya mayar da ƙwallon kwando wasan da mutanen jihar Kentucky suka fi so. Sai dai abubuwa biyu na biye da sunansa har yau: badaƙalar caca ta 1951 da ta rutsa da 'yan wasansa, da kuma jinkirin da ya yi kafin ya ɗauki baƙar fata a ƙungiyarsa.

Rayuwar farko da karatu

An haifi Rupp a wata gona kusa da garin Halstead na jihar Kansas. Iyayensa baƙi ne masu jin Jamusanci, mabiya ɗariƙar Kirista ta Mennonite, kuma da Jamusanci ake magana a gidansu. Mahaifinsa ya mutu yana ɗan shekara tara, don haka shi da 'yan'uwansa suka taso suna aikin gona tare da mahaifiyarsu.

A 1919 ya shiga Jami'ar Kansas, ya gama a 1923. A can ya buga ƙwallon kwando a ƙarƙashin koci Forrest Allen, wanda aka fi sani da Phog Allen, a daidai lokacin da James Naismith, mutumin da ya ƙirƙiro wasan, yake koyarwa a jami'ar. Rupp bai yi fice a fili ba, yawanci a benci yake zaune. Bayan ya gama ya koyar a makarantun sakandare a Burr Oak ta Kansas, da Marshalltown ta Iowa inda ya horas da 'yan kokawa, sannan Freeport ta Illinois daga 1926 zuwa 1930. Ya yi digiri na biyu a Jami'ar Columbia da ke New York.

Zuwa Kentucky da sauyin rukunin gasa

Jami'ar Kentucky da ke birnin Lexington ta ɗauke shi aiki a 1930. A lokacin jami'ar tana cikin rukunin gasa mai suna Southern Conference, wanda ya ƙunshi jami'o'i 23, tun daga Maryland har zuwa Louisiana. Rukunin ya yi girman da tsara wasanni da tafiye-tafiye suka zama wahala. A watan Disamba na 1932, a wani taro a Knoxville, jami'o'i 13 na yamma da kudancin tsaunukan Appalachia suka ɓalle suka kafa sabon rukuni, Southeastern Conference, wanda ake taƙaitawa SEC. Shugaban Jami'ar Kentucky, Frank McVey, shi ne shugaban rukunin na farko.

Wannan sauyi ya yi wa Rupp daɗi ƙwarai. Jami'o'in sabon rukunin, irin su Alabama da Tennessee da Georgia, hankalinsu da kuɗinsu na kan ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ne, ƙwallon kwando kuwa abin rage lokaci ne a wurinsu kafin wata kakar ta zagayo. Kentucky ce kaɗai ta ɗauki wasan da gaske. Ta ci gasar SEC ta farko a 1933, kuma kafin Rupp ya bar aiki ta zama zakarar rukunin sau 27, ta kuma ci gasar ƙarshen kaka ta rukunin sau 13. Tsakanin 1943 da 1955 ta ci wasa 129 a jere a gida, har zuwa ranar 8 ga Janairu, 1955, da Georgia Tech ta doke ta da maki ɗaya tak, 59 da 58. Masu suka sun sha cewa rabin wannan nasara raunin abokan hamayya ne ya kawo ta. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma kofunan ƙasa huɗu ba a cikin SEC aka ci su ba.

Yadda yake neman 'yan wasa

Rupp ya dogara ne da yaran jiharsa. Mafi yawan waɗanda suka buga masa wasa daga makarantun sakandaren Kentucky suka fito, da yawansu daga ƙananan garuruwa da yankin ma'adinan kwal na gabashin jihar. Wallace Jones ɗan Harlan ne, Cliff Hagan ɗan Owensboro, Frank Ramsey ɗan Madisonville, Ralph Beard kuma daga Louisville. Idan ya ga wanda ya yi masa a wata jiha yakan miƙa hannu: Alex Groza daga Ohio, Bill Spivey daga Georgia, Pat Riley daga New York, Dan Issel daga Illinois. Amma shi ba mai yawan zarya gidajen iyayen yara ba ne. A ganinsa yaro ne ya kamata ya nemi Kentucky, kuma wahalar tafiye-tafiyen ya bar wa mataimakansa, musamman Harry Lancaster, daga baya kuma Joe B. Hall.

Salon wasansa gudu ne da saurin kai hari da zarar an karɓe ƙwallo, tare da tsaron mutum da mutum. A wajen atisaye ba a hira, ba a wasa, abu guda ake maimaitawa har sai ya zauna. An san shi da kaifin baki da kuma camfi: kwat mai ruwan ƙasa kaɗai yake sawa ranar wasa, har 'yan jarida suka riƙa kiransa da mai kwat ruwan ƙasa.

Shekarun ɗaukaka

Kentucky ta ci gasar NIT a New York a 1946, lokacin da gasar ke gogayya da ta NCAA wajen daraja. Ƙungiyar 1948, wadda aka yi wa laƙabi da Fabulous Five, ta ƙunshi Groza, Beard, Jones, Cliff Barker da Kenny Rollins. Ta doke Baylor da 58 da 42 a wasan ƙarshe. A bazarar shekarar mutum biyar ɗin suka shiga tawagar Amurka zuwa gasar Olamfik ta Landan, Rupp yana mataimakin koci, suka dawo da zinare bayan sun lallasa Faransa da 65 da 21. A 1949 Kentucky ta sake ɗaukar kofin NCAA a kan Oklahoma A&M, a 1951 kuma a kan Kansas State. Tsohon zauren wasan jami'ar mai cin mutum kusan 2,800 ya yi kaɗan, sai aka buɗe Memorial Coliseum a 1950, mai ɗaukar sama da mutum 11,000.

Badaƙalar 1951

A farkon 1951 ofishin babban mai gabatar da ƙara na Manhattan, Frank Hogan, ya fara kama 'yan wasan jami'o'in New York bisa karɓar kuɗi daga 'yan caca. Ba lallai ne a faɗi wasa ba. Masu caca suna zuba kuɗi ne a kan ratar makin da ake sa ran ƙungiya za ta ci da ita, don haka ana biyan ɗan wasa ya ɓarar da 'yan ƙwallaye domin ratar ta ragu. Rupp ya bugi ƙirji a gaban 'yan jarida cewa 'yan caca ba su isa su ko kusanci yaransa ba.

A ranar 20 ga Oktoba, 1951, aka kama Groza da Beard da Dale Barnstable. Sun amsa cewa sun karɓi kuɗi a wasan NIT na 1949 da Loyola ta Chicago, wasan da Kentucky ta sha kashi da 67 da 56 alhali kowa ya ba ta nasara. A lokacin Groza da Beard taurari ne a ƙungiyar Indianapolis Olympians ta gasar ƙwararru ta NBA, aka kore su daga gasar har abada. Bill Spivey ya musanta zargin da aka yi masa, masu taimaka wa alƙali kuma suka kasa cimma matsaya a shari'arsa, amma duk da haka NBA ta rufe masa ƙofa. Ba a tuhumi Rupp da laifi ba. Sai dai alƙali Saul Streit, da yake yanke hukunci a 1952, ya caccake shi da jami'ar kan mayar da wasan ɗalibai kasuwanci da sakaci da tarbiyyarsu.

Binciken da ya biyo baya ya gano cewa an riƙa ba 'yan wasa kuɗi ba bisa ƙa'ida ba. SEC ta dakatar da Kentucky, NCAA ta nemi sauran jami'o'i kada su kara da ita, kakar 1952 zuwa 1953 ta wuce ba ta buga wasa ko ɗaya ba. Jami'ar ta ƙi sallamar kocin nata. Da ƙungiyar ta dawo sai ta ci wasanninta 25 duka, amma ta ƙi zuwa gasar NCAA, domin hukumar ta ce Hagan da Ramsey da Lou Tsioropoulos sun riga sun kammala digirin farko, ba su cancanci shiga ba. Kofi na huɗu ya zo a 1958, lokacin da Kentucky ta doke Seattle ta Elgin Baylor da 84 da 72 a Louisville.

Rediyo da jaridu

Rupp ya san amfanin 'yan jarida, ya iya ba su labarin da za su buga, su kuma suka yi masa laƙabin Baron of the Bluegrass, wato mai sarautar yankin makiyayar Kentucky. Abin da ya fi kai sunan ƙungiyar lungu da saƙo shi ne rediyo. Cawood Ledford ya fara sharhin wasanninta a 1953, ya ci gaba har 1992, kuma tashar WHAS ta Louisville, mai ƙarfin wat 50,000, ana kama ta da dare a jihohi da dama. Yaron da ya taso a ƙauyen kan dutse yana sauraron waɗannan wasanni ba ya buƙatar dogon lallashi kafin ya sa hannu.

Batun launin fata

Jami'ar Kentucky ta fara karɓar ɗalibai baƙar fata a 1949, bayan ƙarar da Lyman T. Johnson ya shigar, amma wasannin SEC sun ci gaba da zama na farare zalla. Mississippi State ta ƙi zuwa gasar NCAA a 1959 da 1961 don kada ta haɗu da baƙaƙe, Kentucky ce ta maye gurbinta. Rupp bai guji karawa da ƙungiyoyi masu baƙaƙen 'yan wasa ba, kuma a Freeport ya taɓa horas da baƙar fata. Amma a tasa ƙungiyar ta Kentucky babu ko ɗaya.

A 1963 jami'ar ta sanar cewa wasanninta a buɗe suke ga kowa, sabon shugabanta John Oswald kuma ya matsa wa Rupp lamba. An nemi Wes Unseld a 1964 da Butch Beard a 1965, dukansu zakaru a sakandaren jihar, dukansu suka zaɓi Jami'ar Louisville, wadda ba ta cikin SEC kuma ta riga ta ɗauki baƙaƙe. Masu kare Rupp suna cewa tsoron abin da zai sami yaran a filayen Mississippi da Alabama ne ya sa ya yi sanyin jiki. Masu sukarsa suna cewa mutumin da ya fi kowa faɗa a ji a wasan Kudu, da ya so, da ya buɗe ƙofar tun da wuri. Vanderbilt ce ta riga shi, da Perry Wallace a 1967.

Ranar 19 ga Maris, 1966, a College Park ta jihar Maryland, Kentucky ta kara da Texas Western a wasan ƙarshe na NCAA. Ƙungiyar Rupp gajeru ne, babu wanda ya wuce mita 1.96 cikin biyar na farko, ciki har da Pat Riley da Louie Dampier, kuma wasa ɗaya kawai aka ci su a duk kakar. Koci Don Haskins ya fito da baƙaƙe biyar, abin da ba a taɓa gani ba a wasan ƙarshe, suka ci da 72 da 65. Rahotannin washegari ba su tsaya sosai a kan launin fata ba. Daga baya ne jaridu da mujallu suka mayar da wasan alamar faɗuwar wariya a wasannin jami'o'i, Rupp kuma ya zama fuskar tsohon zamani, musamman bayan fim ɗin Glory Road na 2006, inda Jon Voight ya fito a matsayinsa.

Sai a 1969 ya ɗauki baƙar fata na farko, Tom Payne, dogon yaro daga Louisville mai tsayin sama da mita 2. Kaka ɗaya ya buga wa babbar ƙungiyar, ta 1970 zuwa 1971, ya sha zagi a filayen waje, sannan ya tafi Atlanta Hawks.

Ritaya da mutuwa

Dokar jami'ar ta tilasta ritaya a shekara 70. Rupp ya yi ta fafutukar a bar shi, bai yi nasara ba. Wasansa na ƙarshe shi ne wanda Florida State ta ci shi da 73 da 54 a gasar NCAA ta 1972, Joe B. Hall ya gaje shi. Daga nan ya riƙe muƙamai a ƙungiyoyin Memphis Tams da Kentucky Colonels na gasar ABA, ya kuma ci gaba da kiwon shanu da noman taba a gonakinsa. Tun a 1969 aka sa shi a zauren gwarazan ƙwallon kwando na Naismith, a 1976 kuma aka buɗe Rupp Arena a tsakiyar Lexington, mai cin mutum kusan 23,000 a wancan lokaci.

Ya mutu da ciwon daji a Lexington yana da shekara 76, a daren da Kentucky ta doke Kansas, tsohuwar makarantarsa, a Lawrence. An binne shi a maƙabartar Lexington. Ya bar matarsa Esther da ɗa guda. Tarihin yawan cin wasanninsa ya tsaya har 1997, lokacin da Dean Smith na North Carolina, wanda shi ma ɗalibin Phog Allen ne, ya zarce shi. A watan Yuli na 2020 malaman sashen nazarin Afirka da baƙaƙen Amurka na Jami'ar Kentucky sun rubuta wa shugaban jami'ar suna neman a cire sunansa daga zauren wasan, amma ba a sauya sunan ba.