Eiji Tsuburaya: marayan da ya raya Godzilla

Duk matashin da ke bin labaran zane na Japan, inda ƙaramin jarumi ke tunkarar dodon da ya fi bene tsawo, yana cin gajiyar aikin Eiji Tsuburaya.

An haife shi a 1901 a garin Sukagawa, mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara uku. Burinsa tuƙin jirgin sama, amma makarantar ta rufe bayan malaminsu ya mutu a haɗari, sai ya faɗa harkar fim.

A yaƙin duniya na biyu ya kwaikwayi harin Pearl Harbor da ƙananan jiragen wasa cikin wani fim na farfaganda. Wannan ya jawo masa kora daga kamfanin Toho a 1948, zamanin mamayar Amurka.

Bai karaya ba. A 1954, ƙarancin lokaci da kuɗi ya sa ya cusa mutum cikin rigar dodo, yana tattake ƙaramin Tokyo da aka ƙera. Haka Godzilla ya fito, dodon da gwajin nukiliya ya tayar, shekara tara bayan Hiroshima.

A 1966 ya kawo Ultraman, jarumin da ƙarfinsa ke ƙarewa cikin kimanin minti uku. Ya rasu ranar 25 ga Janairun 1970.