BULUS WITTGENSTEIN, MAKAƊIN DA YAƘI YA RABA DA HANNUN DAMA

A wannan shafi mun saba kawo muku tarihin masu bishara da fastoci da waɗanda suka sha tsanani saboda sunan Ubangiji. Yau kuwa wani makaɗi ne muka ɗauko, mutumin ƙasar Ostiriya, mai suna Paul Wittgenstein, wato Bulus da harshenmu. Ba ma'aikacin ikilisiya ba ne, halinsa ma akwai inda za mu yi masa gyara. Abin da ya sa muka zaɓe shi shi ne, a cikin majami'unmu akwai 'yan'uwa waɗanda hatsarin mota ko injin niƙa ko tashin hankali ya raba su da hannu ko ƙafa, sau da yawa kuwa mu ne muke fara yanke musu hukunci cewa aikinsu ya ƙare, tun su da kansu ba su faɗi haka ba.

An haifi Bulus a birnin Biyana ran 5 ga Nuwamba, 1887. Ubansa Karl yana cikin manyan attajiran ƙasar, gama masana'antun ƙarfe ne a hannunsa. Uwarsa Leopoldine 'yar Katolika ce, a wannan ikilisiya kuma aka yi wa 'ya'yan baftisma, ko da yake asalin kakanninsu Yahudawa ne. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta. Gidan ya yi suna wajen kiɗa, manyan masu tsara kiɗa irin su Brahms da Mahler da Richard Strauss sukan shigo su zauna. Amma gida ne mai tsanani ƙwarai. Uban yana so 'ya'yansa maza su gaje shi a kasuwanci, su kuwa zuciyarsu tana wani wuri. Cikin 'ya'ya maza 5, guda 3 sun hallaka kansu: Hans a 1902, Rudolf a 1904, Kurt a 1918. Saura Bulus da ƙanensa Ludwig, wanda ya zama shahararren masanin falsafa. Ashe dukiya tana iya cika gida, salama kuwa ta tsaya a ƙofa.

Bulus ya koyi kiɗan fiyano a wurin Theodor Leschetizky, babban malamin wannan sana'a a zamanin. Ilimin tsara kiɗa kuwa ya ɗauke shi a wurin Josef Labor, wani dattijo makaɗin ogan, wanda agana ta makantar da shi tun yana shekara 3. Sai da uban ya rasu a farkon 1913 sa'an nan Bulus ya sami hanya. Ran 1 ga Disamba na wannan shekara ya yi wasansa na fari a gaban jama'a a Biyana, aka kuwa yaba masa. Wata 8 bayan haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke.

Aka kira shi cikin rundunar mahaya dawaki. A watan Agusta 1914, kusa da garin Zamosc a ƙasar Folan ta yau, harsashi ya same shi a gwiwar hannun dama. Likitoci suka yanke hannun. Kafin ya warke sojojin Rasha suka ci asibitin, suka kwashe majinyata, aka yi ta tafiya da su a jirgin ƙasa har garin Omsk a Saberiya, ƙasar sanyi mai kisa. Shekarunsa 26 a lokacin.

To, bari mu tsaya kaɗan domin wanda bai taɓa zama gaban fiyano ba ya gane girman hasarar. Fiyano yana da maɓallai 88, farare 52, baƙaƙe 36, a jere daga murya mai kauri a hagu zuwa siririya a dama. Bisa ga al'ada hannun dama ne yake ɗauke da karin waƙar, wato abin da kunne yake bi, na hagu kuwa yana ba shi gindi. Duk wanda ya lura da mai buga mana ogan ran Lahadi ya ga haka. Kusan dukan kiɗan da manya suka rubuta, domin yatsu 10 aka rubuta shi. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a ganin kowa kuwa wannan jinka ta fi ƙarfin Bulus.

Shi bai karɓi wannan ba. A can cikin fursuna ya sami wani akwatin katako, ya zana maɓallan fiyano a kansa da gawayi, ya riƙa bugun katakon da yatsu 5 na sa'o'i da yawa kowace rana, yana jin kiɗan a cikin kansa kaɗai. Wani ƙaramin jakadan ƙasar Danmak da ke Omsk ya ji labarinsa, ya taimaka aka ba shi damar taɓa wani tsohon fiyano na ɗan lokaci. Ta hannun mutanen Danmak ɗin kuma saƙonsa ya kai Biyana, yana roƙon malaminsa Labor ya tsara masa kiɗa na hannun hagu kaɗai. Wannan wuri ya taɓa mu: makaho ne ya zauna ya shirya wa mai hannu ɗaya abin da zai koma aiki da shi. Masu ido biyu da hannu biyu suna ta jin tausayi, shi kuwa Labor ya san abin da almajirinsa yake bukata, gama shi ma ya bi wannan hanya.

A watan Nuwamba 1915 aka yi musanyar fursunoni naƙasassu, Bulus ya komo gida. A Disamba 1916 ya hau dandali a Biyana ya kaɗa abin da Labor ya tsara masa. Daga baya ma ya sake sa kayan soja ya tafi fagen daga na Italiya.

Yaya ake yin wannan kiɗa da hannu ɗaya? Dabarar tana cikin halittar hannun hagu da kansa. In ka ɗora shi a kan fiyano, babban yatsa, wanda ya fi sauran ƙarfi, shi ne yake fuskantar wajen siraran muryoyi, saboda haka shi zai ɗauki karin waƙar, sauran yatsu 4 su yi masa rakiya. Akwai kuma mataki a ƙasa, wanda in aka danna shi da ƙafa, sautin da aka buga zai ci gaba da amo bayan an ɗaga yatsa. Sai makaɗin ya bugi murya mai kauri, ya riƙe ta da ƙafa, hannun ya yi tsalle zuwa ɗaya gefen kafin amon ya mutu. In an yi shi da sauri kuma daidai, mai saurare zai rantse hannu biyu ne. Ba Bulus ne ya fara ba. Kafin shi an yi Géza Zichy, wani basaraken Hangari da ya rasa hannun dama wajen farauta tun yana yaro, ya kuwa zama makaɗi. Leopold Godowsky kuma ya riga ya mai da waɗansu kaɗe-kaɗen Chopin na hannun hagu. Bulus ya bi sawunsu, ya yi ta tonon tsofaffin takardu, ya ƙara nasa dabaru. Mu da muke ganin hagu hannu ne da ba a ci da shi, ba a gaisuwa da shi, ya kamata mu tuna da Ehud bahago a Littafin Mahukunta sura 3, wanda Allah ya ceci Isra'ila ta hannunsa.

Abin da ya rage shi ne ƙarancin manyan kaɗe-kaɗe, irin waɗanda fiyano ke jagora, babban ayarin makaɗa yana amsawa. A nan dukiyar gidansu ta yi amfani, balle ma a 1919 Ludwig ya rabar da nasa gādo ga 'yan'uwansa, Bulus yana ciki. Sai ya shiga biyan manyan masu tsara kiɗa na Turai kuɗi masu kauri su rubuta masa. Korngold da Hindemith da Franz Schmidt sun rubuta masa tun daga 1923, Richard Strauss ya yi masa guda 2, Prokofiev ya yi masa a 1931, Benjamin Britten na Ingila kuma a 1940. Kada mu ruɗi kanmu, dubban sojoji sun komo daga wannan yaƙi da dungu, ba su da ko abin sayen gurasa, balle su aika a kira musu Strauss. Ƙoƙarin Bulus nasa ne, amma ƙofar da ya bi, kuɗi ne suka buɗe ta. Inda babu gādo irin nasa, ikilisiya ce ya kamata ta tsaya a wannan gurbi.

Wanda ya fi duka shahara shi ne na Maurice Ravel, Bafaranshe, wanda ya gama a 1930. Ravel ya yi aikin tuƙa motar soja a rundunar Faransa a wannan yaƙi, wato yana cikin abokan gāban Ostiriya, ga shi kuwa shi ne ya ba tsohon sojan Ostiriya abin da aka fi tunawa da shi. Bulus ya fara kaɗa shi a Biyana ran 5 ga Janairu, 1932. Amma ba a rabu lafiya ba. Bulus ya sāke waɗansu wurare yadda suka yi masa daɗi, ba tare da izini ba. Da Ravel ya ji, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ra'ayin Bulus shi ne makaɗi ba bawa ba ne, na Ravel kuwa shi ne aikin makaɗi ya bi abin da aka rubuta. Sun dai haɗu a dandali ɗaya a Faris a 1933, Ravel yana jagorar ayari, amma zumuncin bai koma kamar dā ba har Ravel ya rasu a 1937.

Ga inda muka ce za mu yi masa gyara. Bulus yakan sa sharaɗi cewa abin da ya biya, shi kaɗai zai kaɗa shi. Na Prokofiev bai gane kansa ba, bai taɓa kaɗa shi a gaban jama'a ba. Na Hindemith bai so shi ba, ya kulle a akwati. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wani Bajamushe mai suna Siegfried Rapp, wanda shi ma ya bar hannun dama a fagen yaƙi, ya rubuta masa yana roƙon izinin kaɗa waɗansu daga cikin kaɗe-kaɗen. Bulus ya ƙi. Mutumin da ya san zafin wannan rashi fiye da kowa, shi ne ya rufe wa ɗan'uwansa ƙofa. Duk wanda ya karanta misalin talanti a Matiyu sura 25 ya san sunan wannan hali. Rapp dai ya sami takardun Prokofiev ta wata hanya, ya kaɗa shi karo na fari a Balin a 1956, shekara 25 bayan rubuta shi.

Yanzu mu komo kan maganar kakanni. A Maris 1938 Hitila ya haɗe Ostiriya da Jamus. Dokokin 'yan Nazi ba su duba baftisma, jini suke ƙirgawa, suka ce 3 cikin kakanninsa 4 Yahudawa ne. Aka hana shi wasa a gaban jama'a, shi da ya ba da hannunsa domin wannan ƙasa. Akwai kuma wani asiri. Yana da 'ya'ya mata 2 da wata almajirarsa mai suna Hilde Schania, wadda ba ta gani sosai, ba su kuwa yi aure ba, ya ɓoye wa danginsa. Ba mu goyi bayan wannan ba, amma laifin da hukuma ta gani daban ne: wai Bayahude ya haɗa jini da Bajamusa. Ya tsere zuwa Suwizalan, ya isa Niyok a ƙarshen 1938. Hilde da yaran suka bi ta ƙasar Kyuba, aka ɗaura musu aure a Habana a 1940, suka sami ɗa namiji daga baya.

Yayyensa mata 2, Hermine da Helene, suka ƙi barin Biyana. Domin a sauya musu matsayi a takarda su tsira, sai da iyalin suka miƙa wa babban bankin Jamus wani babban kaso na dukiyarsu da ke ajiye a Suwizalan. Bulus ya yi jayayya mai zafi a kan yawan abin da za a ba 'yan Nazi. Matan sun tsira da ransu, amma zumunci ya tsinke. Bai sake haɗuwa da su ba, haka ma Ludwig, wanda ya rasu a 1951.

A Amurka ya fara kaɗa na Britten a Filadelfiya a Janairu 1942, ya zama ɗan ƙasa a 1946, ya ba da ƙarfinsa ga koyarwa. Wata almajirarsa ta ba da labari cewa in yana nema wa ɗalibi yatsan da ya dace da kowane maɓalli, sai a ga dungun yana motsi, gama har lokacin yana jin yatsun hannun da aka yanke. Faya-fayan da ya ɗauka a tsufansa sun nuna ƙarfinsa ya ragu, masu suka ma ba su raga masa ba. A 1957 ya buga littafin koyon kiɗa da hannun hagu, juzu'i 3. Ya rasu a Niyok ran 3 ga Maris, 1961, yana da shekara 73.

Akwatin nan kuwa ya zauna a kulle a gidan gonar matarsa a jihar Fensilbaniya har ta rasu a 2001. Da aka buɗe kayan, sai ga kiɗan Hindemith a ciki. A Disamba 2004 aka kaɗa shi karo na fari a Balin, shekara 81 bayan rubuta shi, Hindemith da kansa ya yi kusan shekara 41 a kabari. Wanda ya kaɗa shi Leon Fleisher ne, Ba'amurke, wanda ciwon jijiya ya naɗe masa yatsun hannun dama tun wajen 1964, ya kuma yi shekaru da yawa yana riƙe da sana'arsa da kaɗe-kaɗen da Bulus ya biya aka rubuta.