Tarihin Ahmet Ali, matuƙin jirgin soja jikan Barno

An haifi Ahmet Ali Celikten ne a shekarar 1883 a birnin Izmir na Daular Usmaniyya, ta Turkiyya ba ta Sakkwato ba.

Masana tarihi sun ce kakarsa 'yar ƙasar Barno ce, wadda fataken bayi suka kai can.

Ya shiga makarantar injiniyoyin sojan ruwa a 1904, ya kuma fito da muƙamin hafsa a 1908. A 1914, shekarar da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ya shiga makarantar tuƙin jirgin sama ta sojan ruwa da ke Yesilkoy kusa da Santambul. A ƙarshen 1917 aka tura shi Jamus ƙaro ilmi.

Taƙaddamar da ke tattare da sunansa dai ita ce ko wane ne baƙar fata na farko da ya tuƙa jirgin yaƙi.

An daɗe ana bai wa Eugene Bullard wannan matsayi, Ba'amurken da ya yi wa Faransa yaƙi. Sai dai a 1917 Bullard ya sami lasisi, lokacin da tuni Ahmet Ali ya fara tashi sama.

Magoya bayan Bullard na cewa shi ne ya yi gaba da gaba da Jamusawa a sararin samaniya, kodayake hukumomin Faransa ba su tabbatar da jiragen da aka ce ya kakkaɓo ba.

Ahmet Ali ya rasu a 1969.