Oskar Barnack, Maƙerin Da Ciwon Asma Ya Sa Ya Ƙanƙanta Kyamara

A watan Yunin 2022, a garin Wetzlar na ƙasar Jamus, aka yi gwanjon wata tsohuwar baƙar kyamara wadda za ta shige aljihun riga, aka sallama ta a kan Yuro miliyan 14.4. Ba a taɓa sayen kyamara da tsada haka ba. Babu zinariya a jikinta, fentinta ma ya koɗe. Abin da mai saye ya biya shi ne lamba 105 da ke kanta, da kuma sunan mai ita da aka zana a samanta, wato Oskar Barnack, mutumin da ya ƙirƙiro kyamarar Leica.

An haifi Barnack a ranar 1 ga Nuwamban 1879 a ƙauyen Lynow da ke yankin Brandenburg. Bai yi karatun jami'a ba. Sana'ar ƙera ƙananan na'urori ya koya a Berlin, daga nan ya kama aiki a kamfanin Carl Zeiss da ke Jena, ya yi shekaru a can. A 1911 ya koma kamfanin Ernst Leitz a Wetzlar, wanda a lokacin madubin duba ƙwayoyin cuta yake ƙerawa.

Barnack mutum ne mai son yawo a daji da duwatsu yana ɗaukar hoto, ga shi kuma yana fama da ciwon asma. Kyamarar wancan zamani kuwa kaya ce guda: akwati, da sanda mai ƙafa uku, da faifan gilashi masu nauyi da hoton ke kamawa a kansu, kowane hoto da nasa faifai. Dattawan da suka riski mai hoton da ke cusa kansa cikin baƙin ƙyalle sun san irin kayan da ake nufi. Mai ƙarancin numfashi ba zai hau tudu da su ba sai ya galabaita. Sai Barnack ya juya lissafin: maimakon babban faifai ya ba da babban hoto, me zai hana a ɗauki hoton ƙarami amma tangaran, in ya so a faɗaɗa shi wurin wanki?

Abin da ya dogara da shi tuni yana kasuwa, wato fim ɗin silima mai faɗin milimita 35. A na'urar silima fim ɗin daga sama yake gangarowa, kowane hoto na cin milimita 18 da 24. Barnack ya kwantar da shi ya riƙa tafiya a kaikaice, ya haɗe gurbi biyu ya zama ɗaya, ya sami milimita 24 da 36. Dabarar ke nan gaba ɗayanta, kuma a ganina sauƙinta ne ya sa ta daɗe. Tsakanin 1913 da 1914 ya kammala samfurin farko, wanda a yau ake kira Ur-Leica. Da irinsa ya ɗauki hotunan ambaliyar da ta ci titunan Wetzlar a 1920, mutane na ratsa ruwa ba tare da an jera su an ce su tsaya cik ba.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da aikin. Sai a 1923 kamfanin ya ƙera ashirin da 'yan kai domin gwaji, kuma lamba 105 ɗaya ce daga cikinsu. Ba kowa ne ya yi na'am ba. Masu sana'ar hoto sun raina ɗan guntun fim ɗin, wasu manyan kamfanin kuma suka ga asara ce ake shirin tafkawa, ga Jamus ba ta daɗe da fita daga hauhawar farashin da ta mai da kuɗinta takarda ba. A 1924 mai kamfanin, Ernst Leitz na biyu, ya yanke hukuncin a shiga ƙera ta duk da haka. Ɗan kasuwa zai fahimci nauyin wannan mataki: kaya ne da babu wanda ya nema, za a zuba musu jari a lokacin da kowa ke ƙulle lalitarsa. An baje ta a kasuwar baje kolin Leipzig ta 1925 da sunan Leica, wanda aka haɗo daga Leitz da kalmar kyamara.

Bai kamata a manta da Max Berek ba, wanda ya tsara gilashin idon kyamarar. Ba don kaifin gilashinsa ba, da ƙaramin hoton Barnack ya dushe da zarar an faɗaɗa shi. Barnack ya ci gaba da gyare-gyare: a 1930 aka fito da wadda ake kwance mata ido a sauya wani, a 1932 kuma Leica II mai ma'aunin nisa a jikinta. A wannan tsakanin ne Bafaranshen nan Henri Cartier-Bresson ya sayi tasa, ya shiga titi da ita. Barnack ya rasu a ranar 16 ga Janairun 1936 a Bad Nauheim, yana da shekara 56. A 1979, cikarsa shekara 100 da haihuwa, kamfanin ya kafa lambar yabo ta masu hoto da sunansa.

Masu tara tsofaffin kyamarori ba kyan gani suke bi ba. Lamba suke fara dubawa, domin da ita ake sanin shekarar ƙira. Sannan su duba ko an sauya wani sashe, sai kuma hannun da kayan ya biyo. Shi ya sa wata 'yar'uwar lamba 105, mai lamba 122, ta tsaya a Yuro miliyan 2.4 a gwanjon Viyana na 2018, ita kuwa ta Barnack ta ninka wannan har sau shida. Sake fenti rage mata daraja yake yi. Akwai kuma jabu: tun daga 1934 Tarayyar Sobiyet ta riƙa kwaikwayon Leica II da sunan FED, daga baya 'yan damfara suka shiga goge sunan suna zana na Leica, wani lokaci har da ruwan zinariya, suna sayar wa marasa sani.

Duk wanda ya taɓa sayen fim mai hoto 36 ya loda a kyamara ranar suna ko biki, ya kai wanki ya jira kwanaki, da ma'aunin Barnack ya yi aiki ko da bai taɓa jin sunansa ba. Manyan kyamarorin zamani ma, waɗanda ba sa cin fim, faifan da ke kama haske a cikinsu milimita 24 da 36 ne.