Taƙaitaccen Tarihin Faransuwa Vatel

Shi dai Faransuwa Vatel an haife shi ne a shekarar 1631. Ya fara yin suna a Faransa a gidan Fuke, ma'ajin Sarki Luwi na 14, inda ya shirya ƙasaitacciyar walimar nan ta 1661. Ba a yi wata guda ba Sarki ya sa aka kama maigidan nasa. Daga bisani ya koma hidimar Yarima Konde a Shantiyi, aka danƙa masa sha'anin abincin gidan baki ɗaya.

Cikin Afrilun 1671 Sarki ya sauka a Shantiyi da jama'arsa. Ran 24 ga wata ta faɗo Juma'a, ranar da Katolika ba su cin nama sai kifi, ga teku kuwa da nisa. Da asuba kaya biyu kacal suka iso. Vatel, wanda ya yi kwanaki bai runtsa ba, ya hango kunya gaban Sarki, ya shige ɗaki ya soke kansa da takobi. Abin tausayi, ana cikin nemansa ya raba kaya, ga kifi yana ta isowa ta ko'ina.

Wasiƙun Madam Sebinye ga 'yarta su suka adana labarin. Walima kuwa ba a fasa ta ba.