Marigayi Abubakar Imam: Mutumin da ya ƙera Malam Zurƙe da Waziri Aku

A yau filin namu na tarihin magabata zai waiwayi rayuwar marigayi Alhaji Dokta Abubakar Imam, wanda ya bar duniya fiye da shekara 40 da suka wuce, amma mutanen da ya ƙirƙira da alƙalaminsa har gobe suna bakin jama'a. Da wuya a sami wanda ya yi firamare a Arewa ya manta da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, ko Kalalatu, ko akun nan da ya zama waziri. Abin da muke so mu duba shi ne yadda ya gina waɗannan mutane har suka zama kamar maƙwabtanmu, domin mu da muke wuni a rumfunan Jibiya da Illela da Maigatari da Birnin Ƙonni mun san cewa rabin jarin ɗan kasuwa shi ne sanin halin wanda ke tsaye a gabansa, kafin ya ba shi bashi ko ya danƙa masa kaya.

An haifi Abubakar Imam a garin Kagara a shekarar 1911, wato cikin Jihar Neja ta yanzu. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne, don haka da karatun allo da Larabci ya buɗe ido. Daga baya ya yi karatun boko a Katsina, ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, ya gama a 1932, sannan ya kama koyar da Turanci a makarantar Midil ta garin.

A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke shugabantar Hukumar Fassara a Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Littattafai 5 ne suka yi fice daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Imam, da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da kuma Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. A lokacin Imam yana ɗan shekara 22.

Tun daga wannan littafi aka ga dabararsa ta farko, wato haɗa mutum da abokin karawa. Alhaji Imam, tauraron labarin, ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, amma abin da ke riƙe mai karatu shi ne yadda duk garin da ya sauka sai ya ci karo da Malam Zurƙe, yau wannan ya damfari wancan, gobe wancan ya rama. Da babu Zurƙe, da ba mu ga iyakar wayon Alhaji ba. Haka abin yake a ciniki, ba a sanin gwanin taya sai ya haɗu da gwanin sallama.

A 1936 aka ɗauko shi daga Katsina zuwa Zariya na tsawon wata 6, inda ya rubuta Magana Jari Ce, littafi 3 masu ɗauke da labarai fiye da 80. A nan dabararsa ta biyu ta fito fili, wato bai wa mutum rauni sannan a ba shi makami guda ɗaya. Aku ba shi da ƙarfi, ba shi da dukiya ko dangi a fada, bakinsa kaɗai ya mallaka. Da wannan bakin ya riƙa tsare Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labari bayan labari, ya hana shi fita ya faɗa tarkon da mugun Waziri ya ɗana masa saboda kwaɗayin sarauta, har daga ƙarshe shi akun aka naɗa waziri.

Dabara ta uku ita ce suna. Imam kan raɗa wa mutum sunan da tun daga jin sa za ka san da wa kake tare. Wanda ya ji Sahoro da Sahorama ya san ba a gidansu za a nemi dabara ba, wanda kuma ya ji Fasih, ɗan Waziri Aku, ya san an haifi mai magana.

Ta huɗu, wadda ta fi kama da sana'armu, ita ce shigo da kaya daga waje a gyara su su dace da kasuwar gida. Yawancin labaran ya samo tushensu ne daga littattafan Larabawa irin su Alfu Laila wa Laila, da na Indiya, da tatsuniyoyin Jamus. Kalalatu, wadda ta cinye kajin da aka soya wa baƙo sannan ta haɗa mijinta da baƙon tseren gudu, asalinta wata kuku ce a tatsuniyar Jamusawa. Sarkin Busa ma daga can ya fito. Amma Imam ya sauya musu sutura da gida da harshe, har ya zama babu mai karanta su ya ji ƙamshin baƙunta.

Wannan sana'a ta ƙera mutum ta zama wasa sukutum a ƙasashen Turawa. A 1974 a Amurka, Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons, inda mutane ke zama kewaye da tebur, ɗaya yana jan labari, sauran kowa yana taka rawar mutumin da ya ƙirƙira da kansa. A tsarinsu na farko 'ya'yan lido 3 ake jefawa, a sami lamba daga 3 zuwa 18, a auna abubuwa 6 a jikin mutumin, kamar ƙarfi da basira da hikima da kwarjini, sannan a zaɓa masa sana'a, kamar mayaƙi ko mai sihiri. Su da lissafi suke farawa. Imam kuwa, shekara 40 kafin nan, da hali yake farawa, kuma a ganinmu hanyarsa ta fi kusa da gaskiyar rayuwa, domin nauyin aljihun mutum ba ya gaya maka ko zai biya bashi. Hali zanen dutse ne, in ji masu iya magana.

A watan Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Imam ne editanta na Hausa na farko, kuma ya shafe kimanin shekara 12 a kan wannan aiki. A 1943 yana cikin 'yan jaridar Afirka ta Yamma da aka gayyata Ingila tare da Nnamdi Azikiwe, tafiyar da ta haifar da littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Yana kuma cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya zama ɗan Majalisar Wakilai a Legas a farkon shekarun 1950. A can ne a 1953 ya kawo ƙudurin a buɗe ofishin kula da alhazan Nijeriya a Jidda. A zamanin alhazai da yawa ta ƙasa suke bi su ratsa Sudan, wasu guzuri ya ƙare musu su zauna, kuma daga irinsu ne aka sami wasu daga cikin Hausawan Omdurman da Hartum, garin da babbar kasuwarsa ta Suk al-Arabi ta sha ɓarna a yaƙin da ya ɓarke a 2023.

Bayan siyasa ya yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Arewa, kuma Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na dokta. Ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70. Bayan rasuwarsa gidan talabijin na NTA Kaduna ya mayar da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo, inda 'yan wasa irin su marigayi Ƙasimu Yero suka taka rawar mutanen da ya ƙaga.

Shawararmu ga 'yan'uwa 'yan kasuwa ita ce a nemi waɗannan littattafai a ajiye a rumfa, yaran shago su riƙa karantawa idan ciniki ya lafa. Yaron da ya san Zurƙe da Waziri a takarda, zai fi saurin gane su ranar da suka zo taya kaya.

Allah Ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, Ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.